Abubuwan da ya kamata ka sani game da gasar otokuros da ƙaramar motar Mazda MX-5

A Amurka, da zarar sanyin hunturu ya wuce, kusan kowane ƙarshen mako akwai mutanen da ke yin sammako su nufi wani makeken filin ajiye motoci ko tsohon filin jirgin sama. A cikinsu akwai malaman makaranta da makanikai da ma'aikatan jinya da dattawan da suka ajiye aiki. Kowa da motarsa yake zuwa, sau da yawa ma wadda yake zuwa aiki da ita ce, don ya gwada ƙwarewarsa da agogo. Wanda ya leƙa irin wannan taro zai ga mota ɗaya tana ta maimaita kanta a layi: wata 'yar ƙaramar Mazda mai kujera biyu, wadda ake buɗe rufinta. Sunanta MX-5, Amurkawa kuma suna ce mata Miata.

Mene ne otokuros?

Gasa ce da ake shata hanya a kan shimfiɗaɗɗen kwalta ko siminti da robobin nan masu siffar mazurari da ake jerawa a wurin gyaran titi. Hanyar cike take da kwana, hagu da dama, ga lanƙwasa irin ta tafiyar maciji. Mota ɗai-ɗai ake saki, da tazara mai yawa tsakaninsu, saboda haka babu gogayya kafaɗa da kafaɗa. Zagaye ɗaya yakan ɗauki kimanin minti guda, gudun kuma da wuya ya wuce kilomita 100 a awa. Galibi a giya ta biyu ake gama komai.

Babbar mai shirya gasar a Amurka ita ce ƙungiyar SCCA, wadda aka kafa a 1944. A dokarta, duk robar da ka kayar ko ka fitar daga zanen allin da aka yi mata, za a ƙara maka sakan 2. A gasar da ake raba na ɗaya da na biyu da ɗan gutsuren sakan, wannan hukunci ne mai nauyi. Idan kuwa ka kauce wa hanyar da aka shata, wannan zagayen ya tashi a banza.

Ba a yin gwaji da mota kafin a fara. Da ƙafa ake taka hanyar da safe, mutum yana tafe yana haddace inda zai taka birki da inda zai juya. Kowane taro kuma da sabuwar hanyarsa. Sannan duk wanda ya yi tuƙi sai ya yi aiki: idan rukuninsa ya gama, zai je ya tsaya a rana yana tayar da robobin da wasu suka kayar. Wannan tsari yana burge ni ƙwarai, domin shi ya sa kuɗin shiga bai fi ƙarfin mai albashi ba, shi ne kuma ke haɗa mai tsadaddiyar mota da mai tsohuwa a bakin aiki ɗaya. Gasar ƙasa baki ɗaya ana yin ta ne a watan Satumba a garin Lincoln na jihar Nebraska, inda ta koma tun 2009, kuma direbobi sama da 1,000 ke halarta.

Kada mai karatu ya haɗa wannan da wasan mota da matasa ke yi a titunanmu ranar biki, wanda ya sha janyo asarar rayuka. Otokuros a killataccen wuri ake yin sa, da hular kwano, bayan an duba lafiyar kowace mota, 'yan kallo kuma suna nesa.

Daga ina wannan mota ta fito?

A ƙarshen shekarun 1970, wani ɗan jaridar motoci Ba'amurke, Bob Hall, ya ba Kenichi Yamamoto, babban injiniyan Mazda, shawarar a farfaɗo da ƙananan motocin buɗaɗɗen rufi irin waɗanda Birtaniya ta yi fice da su, kamar Lotus Elan ta 1962. Waɗancan motoci suna da daɗin tuƙi, sai dai yawan lalacewa ya kashe musu kasuwa. Mazda ta ɗauki daɗin, ta haɗa shi da ingancin ƙirar Japan. An nuna motar a bajekolin motoci na Shikago a Fabrairun 1989. Injinta lita 1.6 ne, ƙarfin doki 116, nauyinta kimanin kilo 960. A Hiroshima ake ƙera ta, kuma a Afrilun 2016 aka fitar da ta miliyan ɗaya.

Injiniyoyin sun ɗora aikinsu a kan wata tsohuwar aƙidar mahaya dawakin Japan, jinba ittai, wato doki da mahayi su zama jiki ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin gwanin sukuwa yana sarrafa doki da cinyoyinsa kafin ma ya taɓa linzami ya san abin da suke nufi.

Me rashin nauyi ke yi wa direba?

Nan ne zuciyar maganar. Abin da ke haɗa mota da ƙasa wurare huɗu ne kacal, kowanne bai fi tafin hannu ba. Duk birki, duk kwana, duk totur, ta nan suke bi. Riƙon da taya ke yi wa kwalta yana da iyaka, kuma raba shi ake yi: idan ka ƙarar da shi wajen birki, babu saura na juyawa. Mota mai nauyi tana ɗora wa waɗannan tafuka huɗu lodi mai yawa, tayoyi su yi zafi su cinye da wuri. Mai sauƙin nauyi tana sauya alkibla nan take, a otokuros kuwa sauya alkibla shi ne aikin gaba ɗaya.

Injin MX-5 a gaba yake, tayoyin baya ne ke tura ta, nauyinta kuma ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya. Saboda haka idan gindinta zai zame, direba yana ji a ƙugunsa da sitiyari tun da wuri, kuma a gudun da zai iya gyarawa. Ga kuma abin da masu sabon shiga kan raina: ƙarancin ƙarfinta. Mai babbar mota idan ya ɓata kwana, yana fitowa ya take totur ya rufe kuskurensa, ya tafi gida bai san ya yi ba. Mai MX-5 ba shi da wannan mafaka. Gudun da ya zubar a kwana ya tafi, agogo kuma zai faɗa masa. Dole ya koyi kallon nesa, kwana biyu a gaba, da taka birki sau ɗaya cikin natsuwa, da sassauta hannu a sitiyari. A ganina wannan ne ya sa direbobin da suka taso a kanta suke da tsabtar tuƙi ko sun koma wata motar.

Idan an koma babban filin tsere fa?

Mataki na gaba shi ne ranakun da ake buɗe filayen tsere na gaske ga 'yan koyo, irin Laguna Seca da ke Kalifoniya. Ba gasa ake yi ba. Ana raba mutane gwargwadon gogewa, sabon shiga yana fita da malami a kujerar gefe, kowane fita kimanin minti 20. Ba ka wuce mota sai direbanta ya miƙo hannu ya nuna maka gefen da za ka bi. Da tuta ake magana: rawaya na nufin akwai haɗari a gaba, baƙa kuma ana kiranka ka fito.

A nan lissafi yana canzawa, domin gudu ya ƙaru. Idan gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai haɗiye kafin mota ta tsaya ya ninka huɗu. Man birki yana tsotsar laima daga iska a hankali. Sabon mai nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya sha laima yana iya tafasa a wajen 155. Idan ya tafasa, ƙafa za ta nutse har ƙasa motar ba ta tsaya ba. Shi ya sa sabon man birki da takalmin birki mai jure zafi suke gaba da komai. A tsohuwar mota kuma a duba lagireto da robobin ruwa, don yawancin MX-5 na farko sun haura shekara 30.

Rufin yadi ba ya kare kai idan mota ta kife. Masu shirya irin waɗannan ranaku da yawa ba sa karɓar tsohuwar MX-5 sai an ɗaura mata ƙarfen kariya a bayan kujeru. Suna da gwaji mai sauƙi: a ɗora miƙaƙƙiyar sanda daga saman ƙarfen zuwa gaban motar, direba na zaune da hular kwano, kansa kuma ya kasance ƙarƙashin sandar. Dogon mutum yakan sauya kujera ko ya rage mata soso kafin ya tsallake. A sani kuma, inshorar mota ta yau da kullum galibi ba ta biyan ɓarnar da aka yi a filin tsere. Akwai ta musamman da ake saya ta kwana ɗaya.

Ina kuɗi ya kamata su fara zuwa?

Sabon shiga yakan ɗokanta ya ƙara wa inji ƙarfi. Ina ganin wannan gaggawa ce mai tsada. A otokuros, SCCA tana raba motoci aji-aji, kuma ƙaramin sauyi yana iya jefa ka ajin waɗanda suka kashe dukiya a kan motocinsu. A ajin motocin da ba a taɓa su sosai ba, abin da ke yin tasiri shi ne tayoyi masu kyau, da daidaita saitin ƙafafu, da ma'aunin iska a aljihu, domin iskar taya tana hawa bayan kowane zagaye. Ragowar kuɗin a biya kuɗin shiga taro, a nemi gogaggen direba ya zauna a gefe. Idan ka ba shi makullin ya ja motarka, lokacin da zai yi ya nuna maka sakan nawa suka rage a hannunka.

Wanda ya ƙoshi da wannan kuma yana son gogayya ta gaske, akwai ajin Spec Miata, inda ake tsere da tsofaffin MX-5 da aka ƙayyade musu kayan gyara iri ɗaya. Yana cikin ajujuwan da suka fi cika a tseren 'yan sha'awa a Amurka, kuma sai da lasisin tsere da cikakken kejin ƙarfe a cikin mota ake shiga.