Yadda fenti ke hana ƙaramin jirgin sama mai waya tashi

Da an gama girbi a Kamba, hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi a jihar Kebbi, yara kan ɓare karan dawa su ƙera mota da jirgin sama. Motar kara ba ta damu da nauyi ba. Amma matashin da ya ƙuduri aniyar ganin jirginsa ya bar ƙasa, dole ya san cewa ana lissafin kowane giram.

Akwai wasan da aka gina kan wannan lissafi. Matuƙi yana tsayawa a tsakiyar fili riƙe da wayoyi biyu sirara na ƙarfe da aka ɗaure wa jirgin, shi kuma jirgin yana kewaya shi. In ya karkata hannu sama jirgin ya hau, in ya karkata ƙasa ya sauko. Wani Ba'amurke, Jim Walker, ne ya yaɗa shi a shekarun 1940.

Hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, tana kiran rukunin alkafura na wasan F2B. Dokarta ta ce tsawon wayar ya kasance mita 15 zuwa 21.5, nauyin jirgi kuma kada ya wuce kilo 3.5. Sai dai jiragen gwanaye kusan rabin haka suke.

Me ya sa suke gudun nauyi?

A gasar, jirgi yana zana murabba'i da alwatika a sama, yana karya kwana kaifi a kusa da ƙasa. Mai nauyi ba ya juyawa nan take, sai ya nitse, wani lokacin ya daki ƙasa, aikin watanni ya tarwatse.

A Kamba abin ya fi tsanani. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, iska mai zafi kuma ba ta da kauri, don haka fiffike ba ya samun abin dogaro kamar a lokacin sanyi.

Inda nauyin ke shigowa

Galibi a ƙarshen aiki ake yin ɓarnar. Fenti da abin cike ramuka na iya ƙara giram 200 zuwa 300. Wutsiya ce ta fi haɗari: tana da nisa daga tsakiyar jirgi, hancin kuwa gajere ne, shi ya sa giram 10 a baya kan buƙaci dalma fiye da haka a gaba kafin jirgin ya daidaita.

Zaɓi biyu ne. Ledar da ake mannawa da dutsen guga ta fi sauri, kuma ana sanin nauyinta tun kafin a sa. Siririyar takarda da fenti ta fi sheƙi, amma tana son shafi kaɗan-kaɗan da yawan gogewa. Ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, raɓar damina kuma tana sa shi ya yi fari-fari, sai a ƙara wani shafin, nauyi ya ƙaru.

Shi ya sa ake rubuta nauyin da ake so tun kafin a yanka katako, a sami ƙaramin sikeli, a auna jirgin bayan kowane shafi. Da zarar an kai adadin, a ajiye buroshi ko da kwalliya ba ta gama ba. A gasar FAI ma, alƙalai tashi suke bai wa maki, ba sheƙi ba.