Albashin Ƙarshen Wata Da Masu Kula Da Rumbun Bayanai

BAUCHI: Duk ƙarshen wata, malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ke zaune a unguwar Tirwun cikin garin Bauchi yakan ƙura wa wayarsa ido yana jiran saƙon banki. Mai kantin da ya ba shi bashin shinkafa da mai gidan haya su ma jiran suke yi. Kaɗan ne cikinsu suka san cewa zuwan wannan saƙo ya dogara ne ga layi guda mai ɗauke da sunan ma'aikacin a rumbun bayanai na kwamfuta, da kuma jami'in da aka ɗora wa alhakin kula da rumbun.

Idan ba a manta ba, Gwamnatin Tarayya ta fara aiki da tsarin biyan albashi na bai ɗaya, wato IPPIS, a shekarar 2007, kuma Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a watan Fabrairun 2014. A 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ƙarƙashin Madam Kemi Adeosun ta bayyana cewa ta cire ma'aikatan bogi 23,846 daga jerin masu karɓar albashi, wanda ya rage wa gwamnati kashe kimanin Naira miliyan dubu 2 da miliyan 290 a kowane wata. A nan Bauchi ma, gwamnatin Sanata Bala Mohammed ta shiga aikin tantance ma'aikata da 'yan fansho bayan hawanta mulki a 2019.

Abin lura shi ne, ba ƙarfin wata sabuwar na'ura ya tona wannan asiri ba. BVN ta samar da abin da masana ke kira mabuɗi, wato lamba guda da mutum biyu ba za su taɓa haɗuwa a kanta ba. Suna kuwa ba ya iya wannan aiki, musamman a ƙasar Hausa. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a takardar ɗaukar aiki, Mohammed a banki, Muhammadu a takardar makaranta. Wani ya sa sunan mahaifi, gobe ya sa sunan garinsu. Ga kuma ɗimbin jama'a da aka rubuta wa 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa. Ita kwamfuta ba ta san sanayya ba: harafi ɗaya ya bambanta, ta ɗauke su mutum biyu, suna ya zo ɗaya, ta haɗe mutum biyu su zama ɗaya. Saboda haka matakin farko ga mai kula da rumbu shi ne ya kafa wa rumbun ƙa'idar ƙin karɓar lamba ɗaya sau biyu, tun daga ƙofar shiga.

Sai dai gyaran gaggawa yana da tasa illar. Idan aka goge sunan ma'aikaci na gaskiya bisa kuskure, asarar ba ta tsaya a kansa ba, takan kai ga mai kanti da kuɗin makarantar yara. Ƙwararru ba sa goge suna. Sukan sa masa alamar dakatarwa, su kuma ajiye rajistar wanda ya taɓa kowane layi, da ranar, da abin da ya canza. Inda jami'ai biyar ke shiga da kalmar sirri ɗaya, wannan rajista ba ta da amfani.

Batu na biyu shi ne nawar da na'ura ke yi a ranakun haɗa albashi. Abin da shugabanni suka fi saurin amincewa da shi shi ne kwangilar sayen babbar na'ura, alhali sau da yawa matsalar rashin fihirisa ce. Rumbu mai sunaye 100,000 da ba shi da fihirisa tilas ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan an jera su bisa tsari, raba jerin gida biyu-biyu sau 17 ya isa a kai ga kowane suna. Manhajoji irin su Oracle da MySQL da PostgreSQL duk suna iya nuna wa jami'i hanyar da suke bi wajen amsa tambaya, don ya ga inda lokaci ke ɓacewa. Amma fihirisa ba kyauta ba ce, domin yawanta yana rage saurin shigar da sababbin bayanai, kuma tana cin wuri.

Har ila yau akwai batun kwafin ajiya. A garin da wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama, kwafin da ke zaune a ɗaki ɗaya da na'urar asali bai tsira daga gobara ko ɓarawo ba, kuma wanda ba a taɓa gwada maido da shi ba, ba a san ko yana aiki ba.

Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi suna yaye masu ilmin kwamfuta kowace shekara, amma riƙe ƙwararre a bakin albashin gwamnati abu ne mai wuya, ganin cewa bankuna da kamfanonin sadarwa sun fi biya. Ga shi kuma nauyin ya ƙaru, domin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan jama'a ya tabbatar da ingancinsu da tsaronsu, tare da tanadin tara ga wanda ya yi sakaci.