Daga Mujallar Bincike Zuwa Tabarmar Majinyaci

A cikin sassan kiwon lafiya akwai fannin da ake kira jinyar farfaɗo da ayyukan yau da kullum, wanda ya bambanta da gashin ƙashi ko da yake sukan yi aiki kafaɗa da kafaɗa. Mai gashi yana kula da ƙarfin gaɓoɓi da motsinsu, shi kuwa ma'aikacin wannan fanni damuwarsa ita ce ko wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ko mummunan rauni zai sake iya cin abinci da hannunsa, ya sa rigarsa, ya yi alwala, ya koma sana'arsa. An kafa ƙungiyar masu wannan aiki ta duniya a 1952, kuma a Nijeriya wata hukuma da aka kafa da dokar soja a 1988 ce ke yi musu rajista tare da masu gashi. Sanannun wuraren horar da su suna kudu, kamar Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da wata makarantar tarayya a Oshodi ta Legas, saboda haka a garuruwa irin Dutsin-Ma da Kurfi yawancin nauyin yana kan masu gashi da ma'aikatan jinya da dangin majinyaci.

Wani nazari da Balas da Boren suka wallafa a shekarar 2000 ya ƙiyasta cewa sakamakon bincike kan ɗauki kimanin shekara 17 kafin ya shiga aikin asibiti na kullum. Jinkirin ba duka ba ne daga rashin karatu, domin sau da yawa binciken yana zuwa ne cikin sigar da ba ta dace da gidan da za a yi amfani da shi ba. Ma'aunin Barthel na 1965, wanda ake auna dogaro da kai da shi ta fuskar ayyuka goma, yana tambaya kan hawa matakalar bene da tashi daga gado zuwa kujera, alhali manomi a ƙauyen Kurfi abin da ke gabansa shi ne tashi daga tabarma, tsugunawa a masai, da riƙe buta da hannu ɗaya yana tsarki da ɗayan. Mutum na iya samun maki mai yawa a takarda, amma ya kasa sauka ƙasa ya yi sujada.

Misali mafi bayyana shi ne hanyar nan ta ɗaure lafiyayyen hannu domin tilasta wa shanyayyen aiki, wadda ta samo asali daga binciken Edward Taub a Amurka. Babban gwajin da aka wallafa a 2006, wanda ya ƙunshi mutum 222, ya nuna tana inganta amfani da hannu, sai dai an sa wa majinyata safar da ke hana lafiyayyen hannu aiki a kusan kashi 90 cikin 100 na lokacin da suke farke, ana kuma horar da su har awa 6 a rana tsawon mako biyu. Babu asibitin karkara da zai ware ma'aikaci guda ga mutum ɗaya na awa 6, kuma mai zuwa daga ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Zobe ba zai iya biyan kuɗin mota kullum ba. Akwai kuma abin da gwajin bai yi la'akari da shi ba: idan hagu ce ta shanye aka rufe dama, an umarci Bahaushe ke nan ya ci tuwo da hagu, abin da zai ƙi ko da bai faɗa ba. Ma'aikacin da ya san jama'arsa zai cire safar lokacin cin abinci da alwala, ya ɗora atisayen kan ayyukan da hagu ta saba yi, irin su ɗaga buta, ɗaure tazuge, riƙe ƙwarya da ɓarar gyaɗa. Dole kuma a tuna cewa an gwada hanyar ce kan waɗanda ke iya ɗan buɗe yatsu da ɗaga wuyan hannu, don haka ba ta dace da hannun da ba ya motsi sam ba.

A nan ne aikin da aka yi a Jami'ar Bayero ta Kano yake da muhimmanci, inda aka gwada auna atisayen da yawan maimaita aiki maimakon yawan awoyi. Awa ba ta nuna ko majinyaci ya yi aiki ko hutawa ya yi, amma ƙirga abu ne da ɗa ko mata za su iya yi da carbi, su ja ƙwaya ɗaya duk lokacin da ya ɗauki cokali ya ajiye. Umarnin da aka rubuta da Hausa a ƙaramar takarda, ko aka ɗauka da murya a wayar hannu saboda waɗanda ba sa karatun boko, ya fi zama a gida fiye da bayanin baka da ake yi cikin gaggawa ranar sallama.

Duk da haka, miƙa aikin ga dangi ba shi da tabbacin nasara. A Indiya an yi gwaji kan mutum 1,250, aka koya wa iyalan rabinsu yadda za su kula da su a gida, amma sakamakon da aka wallafa a 2017 bai nuna bambanci a yawan mutuwa ko dogaro da wani ba bayan wata shida. Ana ganin ɗan gajeren horo ba ya maye gurbin ƙwararre, musamman inda tausayi ke sa dangi su yi wa mara lafiya komai, su ba shi abinci a baki, har hannun ya ƙara mutuwa. Abin da ake buƙata shi ne bibiya: ma'aikacin lafiya na unguwa da zai leƙa gidan, da ranar komawa asibiti da za a sake gwada ayyukan da majinyacin ya zaɓa da kansa, a rubuta abin da ya sauya. Irin waɗannan bayanai, in an tara su daga asibitocin Dutsin-Ma da Kurfi, za su ba masu nazari a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina abin da za su gina binciken da ya fito daga gidajen yankin.