Idan motar turbo ta fara shaƙewa, a gano ciwon kafin a sayi magani

A kan hanyar Ntoum abin ya faru. Wani ƙanina ya fito daga bayan babbar mota mai dakon gungumen katako zai wuce ta, ya taka totur, sai motarsa ta yi kamar an riƙe ta ta baya. Ta shaƙe na ɗan lokaci, sannan ta fizga. Allah ya kiyaye, motar da ke tahowa ta rage gudu. Da ya dawo Libreville jikinsa na ɓari ya ce mini: "Yaya, wallahi yau na ga lahira da idona."

Motar ƙarama ce mai turbo, irin wadda samari ke so saboda gudu. A tsaye injinta lafiya lau yake, sai an nemi ƙarfi take gardama. Garejin farko suka ce famfon esansi ne, aka canza. Suka ce buji ne, wato fulogi a bakin 'yan Najeriya, aka canza. Kuɗi suka tafi, ciwon yana nan.

A injin esansi, buji ne ke kunna cakuɗen mai da iska, kuma dole tartsatsin ya zo daidai lokacinsa, gab da fistin ya kai ƙololuwa. In ya makara, ƙarfi ya ragu. In ya yi gaggawa, cakuɗen ya fashe ba bisa tsari ba, sai ka ji inji na ƙwanƙwasa kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. A motocin yanzu kwamfuta ce ke yanke wannan lokaci. Tana dogara da wani maji da ke ƙidaya juyin inji, da wani da ke sauraren ƙwanƙwasar. Da zarar ta ji haɗari sai ta jinkirta tartsatsi don ta ceci injin. Wannan jinkirin shi ne direba ke ji a matsayin shaƙewa.

Turbo yana ƙara wa lamarin tsanani, domin yana cusa iska mai yawa da zafi cikin silinda. Tartsatsi yana shan wuya kafin ya tsallaka bakin buji a cikin matsattsiyar iska, shi ya sa bobin da ya raunana zai yi aiki a tsaye amma ya gaza a hawan tudu. Yawancin irin waɗannan motoci kuma man da ya kai lamba 95 ko 98 suke so, kuma akan rubuta hakan a jikin murfin tanki. Wanda ya zuba musu man kwalba na bakin titi, shi ya jawo wa kansa.

Bakanike na biyu, wani dattijo, bai taɓa sifana ba sai da ya jona na'urar bincike, wadda makanikai a nan ke kira baliz. Tun 1996 motocin Amurka ke zuwa da wannan majoni, na Turai masu esansi kuma tun 2001. Lambobin da na'urar ke fitarwa suna da ma'ana. P0300 na nufin wuta na ɗaukewa a silinda daban-daban. P0301 zuwa P0304 na nuna wace silinda ce. P0325 na majin ƙwanƙwasa ne, P0335 na majin juyin inji, P0299 kuma na cewa iskar turbo ba ta kai yadda ake so ba. Lambar hanya kawai take nunawa. In ta ce silinda ta 3, sai a musanya bobin ɗinta da na ta 1. In lambar ta bi bobin, an kama ɓarawo. In ta tsaya, a duba buji da mafesar mai.

Motar ƙanina P0335 ta nuna. Dattijon ya sa aka tuƙa ta yana kallon na'ura, ya ga lissafin juyin inji na tsalle duk sanda aka faɗa rami. Ya shiga ƙarƙashi ya zare soket ɗin majin, sai ga shi ya yi kore da tsatsa. Ya ce: "Ɗana, ga ciwonka nan." Ya wanke, ya gyara wayar da ta goge, ya mayar. Shi ke nan.

Wannan ba abin mamaki ba ne a garin da ke bakin teku, mai iskar gishiri da damina doguwa, inda ruwa kan kwanta a tituna. Laima na cin wayoyi, zafi na tsattsaga tiyon iska. Masu wanke inji da ruwa mai ƙarfi kuma suna ƙara wa Barno dawaki.

A aji, ba na yi wa yaro gyara sai na ga inda lissafinsa ya karkace. Haka ya kamata mai mota ya riƙa tambayar bakanike: wace lamba ka gani, me ka gwada, ina tsohon kayan da ka cire? In kuma fitilar inji ta fara ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, a sassauta ƙafa a nemi gareji nan take, domin ɗanyen mai na gangarawa salansa yana ƙona matatar hayaƙi, mai tsadar gaske. Kafin a gano ciwon kuwa, kada a kuskura a yi yunƙurin wuce babbar mota.