Yadda tsofaffin ɗakunan malaman daji suka zama abin haya a Amurka

A ƙasar Gumel, daga Ɗanzomo zuwa Maigatari, babu tsaunuka. Babban aikin malamin daji shi ne tsaron itatuwan da ke tare hamada. A Amurka kuwa, takwarorinsa na dā sun bar gadon da ke kawo kuɗi.

Bayan gobarar 1910, wadda ta lashe kimanin eka miliyan 3 a yankin Idaho da Montana, hukumar gandun dajin ƙasar ta yawaita gina ɗakunan katako a ƙololuwar duwatsu domin hango hayaƙi. Da jiragen sama suka karɓe mafi yawan aikin, sai aka fara ba da wasunsu haya.

Ana kama ɗaki ta shafin Recreation.gov, galibi tun wata shida kafin tafiya. Da yawansu ba lantarki, ba famfo. Baƙo ke ɗauko ruwansa. Wata dokar 2004 ta bar kaso mafi tsoka na kuɗin a dajin da aka karɓe shi, kuma da shi ake gyara ɗakunan.

Sai dai tsarin ba ya tafiya sai da tsaro. Dajin Kamuku da ke Birnin Gwari yana da duwatsun, amma 'yan bindiga sun daɗe da korar baƙi.