Yadda Kwamfuta Ke Zaɓen Hanyar Neman Amsa

Duk ɗalibin da ya taɓa duba sakamakon JAMB ko NECO ta intanet, tambaya ya aika wa rumbun bayanai, wato babban kundin da ke cikin kwamfuta. Kafin amsa ta fito, wani sashe na manhajar, wanda za mu kira mai tsara hanya, yakan auna hanyoyin nema ya ɗauki mafi sauƙi. Patricia Selinger ta kamfanin IBM a Amurka da abokan aikinta ne suka bayyana wannan dabara a 1979.

A ce wata makaranta a Tambuwal tana da ɗalibai 1,000 a rajista, 900 'yan Tambuwal, 10 kacal 'yan Kebbe, saura daga wasu garuruwa. In ana neman 'yan Kebbe, sai a duba fihirisa, a tafi kai tsaye inda sunayensu suke. In kuwa 'yan Tambuwal ake nema, gara a karanta rajistar shafi-shafi, domin komawa fihirisa sau 900 ɓata lokaci ne.

Tambaya ta yau da kullum takan zo da sunan garin a cikinta, don haka mai tsara hanya yana ganinsa kafin ya yanke shawara. Sai dai kowane zuwa sai ya sāke lissafi. Shiryayyiyar tambaya kuwa kamar fom ce mai gurbi: "Kawo ɗaliban garin…", a cike daga baya. Tana rage maimaita aiki, tana kuma hana ɓarayin intanet cusa umurni a gurbin suna. Illarta ita ce, in aka tsayar da hanya ɗaya tun ba a san garin ba, wadda ta dace da Kebbe za ta wahalar da Tambuwal.

Manhajar PostgreSQL ta sami mafita tun 2012. Sau biyar na farko takan tsara hanya daidai da abin da aka cike. Daga nan sai ta gwada matsakaicin nauyinsu da na hanyar gama-gari, ta riƙe ta gama-garin in ba ta fi tsada sosai ba. Daga 2019 kuma mai kula da rumbun yana iya tilasta wadda yake so.

Ku ɗalibai masu sha'awar wannan fanni, ku riƙa amfani da shiryayyiyar tambaya saboda tsaron bayanan jama'a. In kuka ga amsa tana jinkiri, ku ba da umurnin EXPLAIN, zai nuna muku hanyar da kwamfuta ta bi.