Yaron da "Ba Ya Ji": Abin da Gidan Marayu da Fataucin Yara ke Bari a Halin Yaro

Idan aka ce yaro ba ya ji, hannu yakan riga tunani kai wa ga bulala. Sai dai masana halayyar yara sun daɗe suna nuna cewa taurin kai, yawan faɗa da rashin natsuwa sau da yawa tabo ne na inda yaro ya fito da irin hannun da ya rene shi.

Babu ƙasar da ta bayyana wannan kamar Romaniya. A shekarar 1966 gwamnatin Nikolai Causesku ta haramta zubar da ciki domin ƙara yawan jama'a, talauci kuwa ya sa iyaye suka riƙa miƙa 'ya'yansu ga gidajen renon gwamnati. Da mulkin ya faɗi a Disambar 1989, aka tarar da yara sama da 100,000 a waɗannan gidaje, akasarinsu iyayensu na raye. Ana ba su abinci bisa ƙa'idar lokaci, amma babu mai ɗaukar su idan sun yi kuka.

A farkon shekarun 2000 wasu masana uku daga Amurka, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka bibiyi yara 136 daga gidajen reno na birnin Bukares. Rabinsu aka mai da su hannun iyalai masu riƙo, rabi suka ci gaba da zama inda suke, sannan aka gwada su da yaran da suka tashi gaban iyayensu. Yaran gidan reno sun fi fama da rashin mai da hankali, da damuwa, da wata ɗabi'a ta bin kowane baƙo ba tare da ɗari-ɗari ba, domin ba su taɓa samun mutum guda da suka san nasu ne ba. Waɗanda aka kai cikin iyali kafin su cika shekara 2 sun fi farfaɗowa ta fuskar basira da shaƙuwa, ko da yake rashin natsuwa ya daɗe tare da wasunsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yaron da aka yi fataucinsa kuwa ciwonsa daban ne: ya san gida, aka raba shi da shi da ƙarfi ko da yaudara. Wani bincike da aka wallafa a 2015 kan yara da matasa 387 da aka ceto a Kambodiya da Tailan da Biyetnam ya gano cewa fiye da rabinsu na da alamun ciwon damuwa, kusan ɗaya cikin huɗu kuma na fama da firgicin abin da ya same su. Irin wannan yaro yakan yi ƙarya, ko ya ɓoye abinci, ko ya gudu daga gida, saboda da waɗannan dabaru ya tsira a baya. Mu ma abin bai tsallake mu ba: a Oktoban 2019 'yan sandan Kano sun ceto yara 9 da aka sace aka sayar a jihar Anambra, an canza musu suna, wasunsu har Hausa ta kuɓuce musu. Dawo da irin waɗannan yara gida somin taɓi ne. Babban aikin shi ne dawo musu da amincewa da mutane.

Tashi cikin iyali ma ba shi kaɗai ne magani ba. Gidan da ake duka da zagi da rigima kullum yakan fitar da yaro mai irin waɗannan matsaloli. Abin da ke kare yaro shi ne babba guda, tsayayye, mai tausayi, wanda ba ya canzawa kamar ma'aikacin da ke tashi aiki da yamma.

Wannan shi ne tafarkin da Musulunci ya shimfiɗa tun farko. Manzon Allah (SAW) ya tashi maraya a hannun kakansa Abdulmuɗɗalib, sannan baffansa Abu Ɗalib. Zaidu ɗan Harisa (RA) an kama shi yana yaro aka sayar a kasuwar Ukaza. Ya samu irin riƙon da ya sa, ranar da mahaifinsa ya zo fansarsa, ya zaɓi ya zauna tare da Annabi. Daga baya Suratul Ahzab ta yi umarni da a kira ɗan riƙo da sunan mahaifinsa, wato a ba shi gida ba tare da an shafe asalinsa ba. Wannan tsari na kafala har Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambace shi da sunansa a sashe na 20.

Kai buhun shinkafa gidan marayu alheri ne, amma tallafa wa gwaggo ko kaka ta riƙe maraya a ɗakinta ya fi kusa da abin da yaron ke bukata. Wanda kuma ya ɗauki riƙo, ya shirya wa haƙuri na shekaru, ya nemi taimakon likitan ƙwaƙwalwa idan hali ya gagara, kada ya mai da yaron ɗan aike. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.